Baƙar Ƙasar Kawu

Shafi na 19

Masu cewa na cika jan rai, ga shi nan na kawo. Ke kuma da kika rubuto wai in ji tsoron Allah in bar Malama ta huta, ki yi haƙuri 'yar'uwa, da so samu ne ni ma da tuni na shimfiɗa mata tabarma. Yau ɗin ma babu hutu.

*

"Dalma ce," in ji Nas.

Malama ta ɗago kai tana kallonta.

"Me kika ce?"

"Gwajin jinin ya dawo daga babban asibiti. Su ukun duka. Gubar dalma ce a jikinsu."

A ɗakin allura suke, na ƙaramin asibitin unguwa. Labule ne kawai tsakaninsu da gadajen da yaran uku ke kwance, kuma dukansu 'yan ajin Malama ne, ajin kula da muhallin nan da mutanen unguwa suka kafa da karo-karonsu.

"Dalma ta ina? Yaran nan ba ƙira suke yi ba."

"Abin da na kira ki in tambaye ki ke nan. Ba gidansu ɗaya ba. Ba ruwa ɗaya suke sha ba. Iyayensu ma ba sana'a ɗaya ba. Me suka haɗa?"

Malama ta buɗe baki za ta yi magana, sai wani sauti ya fito daga bayan labule.

Ƙaras. Ƙaras. Ƙaras.

Ɗiyar Mai Wanki ce take taunar haƙora a cikin barci.

 Malama ta san wannan sautin. Ta kwana da shi, ta tashi da shi, a bara waccan, lokacin da tilon 'yarta Shalele ta yi jinyar da ba ta tashi ba. Har yanzu in gari ya yi tsit takan ji shi a kunnenta, ko da rana tsaka ce, har ta waiwaya.

"Zo ki ga wani abu," in ji Nas.

Ta ɗage labule, ta sa babban yatsa ta ɗaga leɓen yarinyar a hankali. Wani siririn layi ne shuɗi-shuɗi kwance a dasashi, daidai gindin haƙora.

Malama ta ja da baya har ta bugi ƙarfen gado.

"Na taɓa ganin wannan."

"A ina?"

"A bakin Shalele. Ranar da nake mata wankan ƙarshe."

Nas ta saki labulen.

"Me aka ce miki ya kashe ta?"

"Iska. Wai ta yi gamo a bayan gida."

"Wa ya faɗa miki?"

"Kawu ne ya shiga wurin likita. Ni ina waje, ban san inda kaina yake ba."

Nas ta dafa kafaɗarta. 

"Malama, ki nutsu. Me yaran nan suka haɗa?"

"Lambu." Da ƙyar muryar ta fito. "Su ne 'yan gaba-gaba a lambun aji. Su ke fara zuwa, sai na kora su suke tafiya. Hannunsu kullum a cikin ƙasa. Wannan ma har ɗanɗanawa take yi, wai tana gwada ko akwai gishiri."

"Ba ki taɓa lura da wani abu a ƙasar ba?"

Ta lura mana. Ita ce ta koya musu cewa ƙasa mai rai ba ta rasa tana. Da suka tona fangali suka rasa ko ɗaya, sai suka ɗebo daga bakin kwata a gwangwanaye suka zuba. Washegari aka same su a sama, sun fito sun bushe. Aka sake zubawa, aka sake samun haka. Ta ce wa yaran zafin rana ne, don ita ma abin da ta ɗauka ke nan. Alayyafo dai ya yi kore shar, wa zai tsaya bin bayan tana?

Ta faɗa wa Nas.

"Daga ina ƙasar ta fito?"

"Kin san yadda muka yi. Filin duk ɓaraguzan gini ne, ko ciyawa ba ta fita. Aka ce kowa ya kawo abin da yake da shi. Kafinta ya yi benci da ƙofa. Tela ya ɗinka wa yara riguna. Mai Wanki ya ɗauki nauyin ruwa."

"Ƙasa fa?"

Malama ta kawar da kai.

"Malama, ƙasa fa?"

"Kawu."

"Kawunki mai batir?"

Ta gyaɗa kai.

Nas ta ja mayafinta daga jikin ƙusa.

"Ki saurare ni da kyau. Zan tafi babban asibiti neman maganin da ke fitar da ita, ba zan dawo ba sai yamma. Ban ce ƙasar ce ba sai an gwada. Amma kafin nan kada kowa ya taɓa ta, kada ganye ɗaya ya shiga tukunya."

"Yau ne rabon ganyen. Bayan la'asar. Duk gidan da ya sa hannu a karo-karo za a ba shi."

"To ki hana."

Malama ta laluba jakarta ta ji mukullin lambu yana nan. Hantsi bai gama ɗagawa ba, akwai lokaci. Ta fita ba ta ko yi sallama ba, kuma ba lambu ta nufa ba.

*

Kawu yana zaune a bakin shago, da tsumma a kafaɗa, yana goge kan wani batir. Yayan Inna ne, mahaifiyar Malama. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, shi ya kai ta makaranta, da aurenta ya mutu ma gidansa ta dawo ita da Shalele, gidan da katanga ɗaya ce ta raba shi da shagon. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

"A'a, Uwata! Yau da ake babban taro kike yawo? Na ba da babbar rigata guga, kar ki ce Kawu ya kunyata ki."

Ta gaishe shi a tsaye. Ba ta taɓa yin haka ba.

Ya ajiye tsumman.

"Lafiya?"

"Kawu, ina son ganin bayan shago."

"Me za ki gani? Tarkace ne."

"Tarkacen nake son gani."

Ya miƙe ya zare sakata.

Tun rasuwar Shalele ba ta ƙara leƙa wurin ba. Tsohon murhun da yake narka cikin batir yana nan, ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Gefensa wani faffaɗan rami ne da aka kwashe, ƙasan baƙi ƙirin. A nan ne da can akwai tulin ƙasa. A nan Shalele ke wuni tana girkin wasa da murafan kwalba, ta shigo gida baki duk baƙi tana dariya.

Wallahi Malama sai da ta gan ta. Tsugune, da 'yar rigarta mai ɗigo-ɗigo, ta juya baya. Malama ta runtse ido, ta buɗe, babu kowa sai rami.

"Daga nan aka ɗebi ƙasar lambu?"

"Daga nan. Baƙar ƙasa mai kyau, ke ma kin yaba."

"Me ya sa ta yi baƙi?"

"Uwata..."

"Me ya sa ta yi baƙi, Kawu?"

"Toka ce. Tokar murhu da muke zubarwa."

"Da ruwan batir."

Bai musa ba.

"Me ya sa ka daina narka batir?"

"Tsufa. Ƙirjina ba ya ɗaukar hayaƙi."

"Ka daina a satin da muka binne Shalele. Na ɗauka baƙin ciki ne. Har tausayinka na ji."

Ya nemi wani tsohon gwangwanin fenti ya zauna a kai. Mutumin da ko ciwo yake yi ba ya yarda a ga ya jingina.

"Yara uku na kwance a asibiti," ta ce. "Nas ta ce dalma ce. Na ga dasashin ɗiyar Mai Wanki da idona. Yanzu ka dubi Allah ka faɗa mini abin da likita ya ce maka a ranar nan."

"A bar kaza cikin gashinta, Uwata."

"An fige ta tuni. Me ya ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ya tambaye ni sana'ata."

"Sai?"

"Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, Baba, sana'arka ce a cikin jinin jikarka."

Malama ta dafa bango. Ta zaci ihu za ta yi, amma abin da ya fito ƙaramar murya ce.

"Ka fito ka ce mini iska ce."

"Na ce."

"Ka kawo masu turare. Ka sa na yi ta yayyafa ruwan addu'a a bayan gida. Ina ta zargin kaina wai na bar ta ta fita da magariba."

"Na yi."

"Shekara biyu ina kwana da wannan, Kawu! Kullum ina cewa da na kira ta da wuri. Kana ji na ta katanga ina kuka."

"Ina ji. Ni ma ba barcin nake ba."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya ɗago, idanunsa jajur.

"Rantsuwa aka sa ni."

"Wa?"

"Kar ki tambaye ni."

"Wa ya sa ka?"

"Innarki."

Jama'a, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

"Ƙarya ne."

"Tana tsaye a bayana lokacin da likita ke magana. Da muka fito ta riƙe mini riga a lungun asibiti. Ta ce, Yaya, yarinyar nan ta rasa uba, ta rasa miji, yau ta rasa 'ya. In ta ji wannan ta rasa kawu, ni kuma na rasa ku duka biyu. Ta ce in rantse. Na rantse."

Malama ta tuna Inna zaune a gefen katifarta kwana da kwanaki, tana shafa mata kai tana cewa ƙaddara ce, abin da ba a gani ba a yi masa shari'a. Ashe ita ta gani.

"Na ji wannan," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Wannan tsakanina da ku ne, Allah zai yi mana hisabi. Amma ƙasar fa? Ka san abin da ta yi, ka loda ta a tifa ka kai wa 'ya'yan mutane?"

"Wallahi tallahi ban san tana nan ba!"

"Ba ka sani ba?"

"Na ɗauka a hayaƙi take. A hayaƙi da sabuwar toka. Na kashe murhu. Na bar ƙasar damina biyu ta doke ta. Na zuba mata kashin awaki. Ciyawa ta fito a kanta har gwiwa, akuyar maƙwabta ta ci ba ta mutu ba. Na ce to, ruwa ya wanke."

"Dalma ba ta wankuwa, Kawu."

"Wa zan tambaya? In na tambaya sai a ce me ya sa nake tambaya."

"Ni! Ni za ka tambaya! Aikina ke nan, shi nake koya wa yara!"

"Ke ce kaɗai ba zan iya tambaya ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona ta. Da hannunta ta baza ƙasar nan. Ita ta tsaya a kan tifa tana cewa a zuba nan, a ƙara can. Da sun gaya mata kalma ɗaya, ko baro ɗaya ba zai shiga filin ba.

"Da kika zo kika ce za ki buɗe aji," ya ci gaba, "ranar ce na fara ganin kin yi dariya. Na ce komai nake da shi na ajin nan ne. Kwanon rufi, alawus ɗinki, famfo. Da aka ce babu ƙasa, na dubi tulin nan. Kullum da safe shi nake fara gani. Na ce bari ƙasar da ta cinye mini jika ta fitar da wani abu mai rai, ko zan samu in kalle ta."

"Ta fitar. Suna kwance su uku."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suka hau rawa. Malama ba ta taɓa ganin kukan Kawu ba, ko a ranar jana'iza. Ta so ta ji sanyi a ranta, ba ta ji ba. Tausayi ne ya taso mata, ta tsani kanta a kan haka.

Can ya share fuska.

"Ki ba ni yau kaɗai."

"In ba ka me?"

"Kar ki faɗa a taro. Ki ce tsutsa ta shiga ganyen, an yi feshi, ba ya ciwuwa. Gobe kafin gari ya waye na turo tifa an kwashe ƙasar kaf, na kawo sabuwa daga bakin kogi. Maganin yaran ni zan biya, ko shagon nan zan sayar."

"Sauran yaran fa? Duk ajin sun taɓa ta. Sai an gwada jinin kowa. Me zan ce wa iyayensu?"

"Ki ce... ki ce rigakafi ne."

"Ka ce in yi musu irin wadda kuka yi mini."

"Uwata, kin san mutanenmu. In suka ji, babu mai ƙara sa ko sisi. Ajin ya mutu. Kuma ba ni kaɗai za su kama ba, cewa za su yi malamar muhalli ce ta shayar da 'ya'yansu guba. Da me za ki fita unguwa?"

"Na sani."

"Shagon nan ƙona shi za su yi."

"Na sani, Kawu."

"Innarki fa? Hawan jininta?"

Nan ta tsaya. Ta juya ta dube shi.

"Inna ta san daga nan ƙasar ta fito?"

"A'a. Ce mata na yi daga gona na saya. Da ta sani da ta kwanta a gaban tifar."

Malama ta gyara mayafinta.

"Bayan la'asar zan tsaya a gaban mutane in faɗi abin da ke cikin ƙasar. Wanda ya kawo ta kowa ya sani, sun tafa maka a ranar. In ka zo ka faɗa da bakinka, zan tsaya kusa da kai. In ba ka zo ba, ni kaɗai zan tsaya."

"Ni na raine ki."

"Shi ya sa na fara zuwa nan."

Ta fita. Yana kiran Uwata, Uwata, ba ta waiwaya ba.

*

Rana ta take sosai lokacin da ta shiga layin ajin. Niyyarta ta ƙara wa ƙofar lambu sarƙa, ta zauna a bakin wurin har la'asar.

Tun daga nesa ta hango ƙofar a buɗe.

Ta sa gudu.

Fangali bayan fangali, babu ganye ko ɗaya. An yanke tas, sai guntayen kara a tsaye cikin baƙar ƙasa, da sawun ƙafafun yara ko'ina.

"Ga ta nan! Ga ta nan!"

Matar Tela ce, shugabar kwamitin iyaye, ta fito daga cikin aji da tsintsiya a hannu, bakinta har kunne.

"Dubi fuskarki! Na ce musu sai kin sha mamaki."

"Ina ganyen?"

"Kwantar da hankalinki, ba ɓarayi ba ne, mu ne. Kafinta ya ce yana da mukulli na biyu. Muka ce Malama ta wahala, ga yara a asibiti, bari mu ɗauke mata wannan. Kuma ganye in ya sha rana ai ya yi yaushi. Da sanyin safiya muka yanke."

"Ina yake, Yaya? Ina kuka ajiye?"

"Ajiye? An raba mana! Yaran suka bi gida-gida da shi a faranti, kowa da rigarsa. Ki ga murna! Mai Wanki har rawa ya taka. Dabarar ita ce kowa ya dafa ya ci da rana, in an zo taro da ɗanɗanon a baki, sai ki ga hannu ya saku wajen karo-karo. Ni fa na san kan mutanena."

Malama ta juya ta dubi layin. Hayaƙi na tashi daga wannan gida, da wancan, da na bayansa. Ƙarar turmi. Ƙamshin miya ya cika iska. Wani gida ma har an fara kiran yara su wanke hannu.

"Wayyo Allah."

"Ke lafiya? Duk kin firgice."

"Ki tara yara. Duk wanda kika gani. Su bi gidaje su ce kar a ci. Kar kowa ya ci! A sauke tukunya!"

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Matar Tela.

"Me ya faru?"

"Guba ce a ƙasar. Ita ta kwantar da yaran nan. Yaya, ki yi sauri!"

Matar Tela ba ta motsa ba. Ta ɗora hannu biyu a kai.

"Innalillahi. Malama, yaran asibiti."

"Me ya same su?"

"Tukunyar farko tasu ce. Ni na dafa da kaina. Muka ce ai su suka fi kowa wahala a lambun, kuma ganye na ƙara jini. Na cika kular abinci..."

"Wa ya kai?"

"Innarki. Ta ce ita za ta ba su a baki, wai tun rasuwar jikarta ba ta ƙara ba wa yaro abinci da hannunta ba."

"Tun yaushe ta tafi?"

"Ta ɗan jima."

Nas ba ta nan. Asibitin yana can ƙarshen unguwa. Malama ta zaro waya ta danna lambar uwarta.

Ta kara a kunne.

"Ɗauka, Inna. Don girman Allah ki ɗauka."

Sai ƙarar ta tashi a bayansu, daga cikin aji.

Wayar Inna ce a kan benci, inda ta manta da ita.